Wanda ya sayi rariya

Zuwa Nuwamban 2025, wata tara kenan ni da yayana muna musu a kan ciniki ɗaya, cinikin ɗan wasan ƙwallon kwando Luka Doncic, kuma korar janar manaja Nico Harrison da kulob ɗin Dallas Mavericks suka yi ranar 11 ga watan bata kashe musun ba, ƙara hura wutar ma tayi. Ina ganin labarin na kira shi, ko gaisuwa bamu gama ba nace Yaya ka gani ko, sun kore shi. Yace na gani mana, amma kora ba hujja bace, an sha korar mai gaskiya. Nace to wannan karon dai ba mai gaskiyar aka kora ba. Muka kwashe kusan awa guda a waya kowa na katse ɗan'uwansa, shi ya sa nace bari in zauna in rubuta abinda ke raina a tsanake, don maganar nan tana cina wallahi, kuma tunda na fara bin ƙwallon kwando babu abinda ya taɓa ɓata min rai irinta.

Ga wanda baya bin wasan sosai, ga abinda ya faru. A daren 1 ga Fabrairu 2025, wayewar garin 2 ga wata, janar manajan Dallas, wato Nico Harrison, ya ɗauki Luka Doncic, ɗan ƙasar Sulobeniya mai shekara 25, ya haɗa da Maxi Kleber da Markieff Morris ya miƙa wa Los Angeles Lakers. Abinda ya karɓo shi ne Anthony Davis mai shekara 31, da wani matashi Max Christie, da gurbin zaɓe guda ɗaya tak na zagayen farko a diraf ɗin 2029. Diraf shi ne zaɓen sabbin matasan 'yan wasa da kulob-kulob ke yi duk shekara, kuma waɗannan guraben zaɓen su ne kamar kuɗin da manajoji ke ciniki dasu, don a NBA, wato babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi kamar ƙwallon ƙafa, musaya ake, mutum da mutum ko mutum da gurbi.

Na tuna safiyar nan sarai. Na farka na jawo waya ido ɗaya a buɗe, na ga sunan Luka kusa da sunan Lakers, na ajiye wayar na juya abina, don a raina wani ne ya yi kutse a shafin Shams Charania na ESPN, ɗan jaridar da ya fara fitar da labarin. Ashe ba ni kaɗai nayi wannan zaton ba, har sai da mutumin ya sake fitowa yace da gaske yake. Da na sake ɗaukar wayar na ga ko'ina maganar kenan sai na tashi zaune a bakin gado, na daɗe a haka ban ce komai ba, ina ta lissafa abinda aka bayar da abinda aka karɓa ina jiran in ga sauran, don na tabbata akwai sauran da ba a faɗa ba tukuna. Babu. Shikenan abinda aka samu.

Wannan fa yaron da sau biyar a jere, daga 2020 zuwa 2024, ana saka shi cikin gwanaye biyar na farko a duk gasar. Shi ya fi kowa zura maki a kakar 2023-24, maki 33.9 a kowane wasa. Shi ya zuba wa Atlanta maki 73 a dare ɗaya cikin Janairun 2024. Kuma wata takwas kacal kafin a sayar da shi, shi ya ɗauki Dallas a kafaɗa ya kaita fainal, ga wannan ƙwallon da ya jefa a kan Rudy Gobert daga nesa ana dab da tashi a wasa na biyu da Minnesota, wadda har yanzu in na rufe ido ina ganinta.

Yaya dai ba yaro bane a harkar nan, tun zamanin Hakeem Olajuwon yake kallo, lokacin da Houston ta ci kofi a 1994 da 1995, kuma imaninsa guda ne, dogon mutum mai tsare kwando shi ke kawo kofi. Don haka da Nico ya fito yace tsaron gida shi ke cin kofi, maganar ta zauna wa Yaya daram. Abinda yake faɗa min kullum shi ne, kai yaro maki ne ke ruɗarka, Luka baya tsaron gida, baya kula da jikinsa, kullum yana can yana jayayya da alƙalin wasa abokan hamayya sun gudu sun zura, ga sharaɓa ta riƙe shi tun ranar Kirsimeti ta 2024 a wasan Minnesota bai sake bugawa ba har aka sayar da shi, sannan kace a ɗauki dala miliyan 345 na shekara biyar a bashi a bazarar da ke tafe? Yace in kai ne mai kulob zaka bayar?

Zan bayar, da hannu biyu ma. Amma ban ce Yaya bashi da gaskiya ko kaɗan ba. Wasa na uku na fainal da Boston, Dallas ta taso daga can baya ta kusa kamo su, sai Luka ya yi laifi na shida aka fitar da shi saura minti huɗu da 'yan daƙiƙoƙi, kuma Boston sun gane shi, duk sanda suka samu dama shi suke nufa da ƙwallo. An ci mu huɗu da ɗaya. Wannan duk na gani da idona, bana musu. Abinda na kasa haɗiyewa shi ne ace tsoron jikin Luka ne ya sa aka rabu da shi, sannan aje a ɗauko Anthony Davis. Haba.

A duba lissafin kawai. Kaka shida da Luka ya kammala a Dallas bai taɓa buga ƙasa da wasa 61 ba, kuma biyu daga cikin kakannin nan ma gajeru ne saboda korona. Shi kuwa Davis bayan kofin da ya ci da Lakers a 2020, wasa 36 ya buga, kaka ta gaba 40, ta gaba 56, sai a 2023-24 ne Allah ya bashi lafiya ya buga 76 cikin 82. Wannan ba sirri bane, ba sai likitan kulob ya faɗa maka ba, duk mai waya zai iya dubawa cikin minti ɗaya. Kana gudun yaro ɗan shekara 25 wai jikinsa zai iya baka matsala nan gaba, ka ɗauko wanda ya girme shi da shekara shida wanda nasa jikin ya riga ya nuna maka halinsa. Wanda ya sayi rariya ai ya san zata zubar da ruwa.

Ranar 8 ga Fabrairu Davis ya buga wasansa na farko a rigar Dallas, da Houston. Na kalla duk da haushin da nake ji, kuma gaskiya a rabin farko mutumin ya yi abinda ya sa na yi shiru. Yana zurawa daga ciki, yana zurawa daga waje, yana toshe ƙwallo a sama, akwai inda ya jefa ƙwallon ta dawo ya bita ya danna ta cikin kwando ya juyo wajen 'yan kallo yana ihu yana nuna musu cewa gashi ya zo. Yaya ya kirani a hutun rabin lokaci yana dariya, yace ƙanena ina bakin naka. Ban da amsa. Sai a kashi na uku cikin huɗu na wasan, babu wanda ya ture shi babu wanda ya taka shi, kawai mutumin ya dafe matse-matsinsa ya zauna a ƙasa, ya tashi a hankali ya nufi ɗakin sauya kaya. Maki 26, ya cafke ƙwallo 16 a ƙarƙashin kwando, cikin ƙasa da kashi uku na wasa. Bai dawo ba sai ƙarshen Maris. Wasa 9 ya buga wa Dallas a sauran kakar gaba ɗaya.

Ban kira Yaya a daren ba, don ba abin murna bane, kuma a nan ne ma nake rabuwa da da yawa daga cikin 'yan'uwana magoya bayan Dallas. Zagin da ake wa Davis bana cikinsa. Ana ce masa gilas, ana ce masa mai kayan gida, sunan da Charles Barkley ya laƙaba masa saboda yawan ganinsa a benci babu rigar wasa, kamar dai mutum shi ya zaɓi jijiyarsa ta tsage. Shi bai nemi a kawo shi Dallas ba, shi ma a daren ya ji labari kamar kowa. Mutum ne mai tsayin kusan ƙafa bakwai, yana tsalle yana dira a kan katako, yau wannan gari gobe wancan, wasa 82 kafin ma a fara zagayen neman kofi, shekara goma sha uku yana wannan. Kuma wasan ƙarshe na kakar da Memphis ta fitar damu, yana ɗingishi ya zura maki 40. Wanda baya son wasa baya haka.

Sai kuma Kyrie Irving. Da Luka ya tafi, Davis ya kwanta, Daniel Gafford gwiwa, Dereck Lively idon sawu, duk nauyin ya koma kan Kyrie, mutum mai shekara 32 ana saka shi wajen minti 40 a wasa don babu wani da zai iya riƙe ƙwallo ya ƙirƙiro wani abu. Ranar 3 ga Maris a wasan Sacramento jijiyar gwiwarsa ta hagu ta tsinke. Aka tallafo shi, ya tsaya a layi da ƙafa ɗaya hawaye na zubo masa ya jefa ƙwallayensa biyu na bugun laifi duk suka shiga, sannan aka fita da shi. Ba zan ce cinikin ne ya tsinka masa jijiya ba, ciwo na Allah ne. Amma wa ya bar shi shi kaɗai a filin? A watan nan akwai wasannin da Dallas ta fito da mutum takwas kacal masu lafiya, wanda shi ne mafi ƙarancin da doka ta yarda a buga da shi.

To yanzu ga katin Yaya mafi ƙarfi, kuma na daɗe ina juya shi a raina kafin na samu amsa. Yace min, ka tuna Masai Ujiri? Mutumin da ya taso a Zariya ya zama shugaban Toronto Raptors. A Yulin 2018 ya ɗauki DeMar DeRozan, ɗan gaban goshin garin, wanda ya yi shekara tara a kulob ɗin kuma yana son ya ƙare rayuwar wasansa a can, ya bayar da shi ya karɓo Kawhi Leonard wanda wasa 9 kacal ya buga a kakar da ta gabata saboda ciwon cinya, ga kwantiraginsa saura shekara ɗaya, ga kowa ya san zuciyarsa na Los Anjelis. Magoya baya suka ce cin amana ne. Shekara na zagayowa Toronto ta ɗaga kofinta na farko a tarihi. Yace ka kuma tuna Golden State a Maris 2012, sun bayar da Monta Ellis da 'yan kallo ke mutuwar so, suka karɓo Andrew Bogut da karyayyen idon sawu wanda ko wasa ɗaya bai buga musu ba a kakar, har 'yan kallo suka yi wa mai kulob ɗin Joe Lacob ihu a tsakiyar fili ranar da ake karrama Chris Mullin. Sannan suka ƙara da ba Stephen Curry dala miliyan 44 na shekara huɗu alhali wasa 26 ya buga a kakar saboda idon sawunsa da aka yi wa tiyata. Kowa yace sun haukace. 2015 suka ci kofi, kuma arahar kwantiragin Curry ɗin ce ma ta taimaka suka samu wurin saka Kevin Durant a 2016. Yace to ka gani, manaja mai jin tsoron ihun 'yan kallo ba manaja bane, kuma da Davis bai ji ciwo ba da yanzu kai ne kan gaba wajen yabon Nico.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi sosa min rai don akwai gaskiya a cikinta game da mu magoya baya. Mu da sakamako muke hukunci. Kawhi ya jefa ƙwallon nan a wasa na bakwai da Philadelphia, ta yi tsalle sau huɗu a bakin kwando kafin ta faɗa, da ta faɗo waje wa ya san abinda za a ce da Masai yau? A fainal ɗin da Toronto ta buga da Golden State ma agarar Durant ta tsinke a wasa na biyar, gwiwar Klay Thompson ta tafi a na shida. Kuma shi wannan Kawhi ɗin dai, da Clippers suka ɗauke shi a 2019, sai da suka bayar da Shai Gilgeous-Alexander da Danilo Gallinari da guraben zagayen farko guda biyar don su kawo masa Paul George, ranar kowa tafi yake musu, yau kuma ana cewa shi ne cinikin da ya fi kowanne muni, saboda gwiwar Kawhi ta tsinke a 2021 ya rasa kaka guda cur, shi kuwa Shai ya zama gwarzon gasar a 2025 ya ci kofi da Oklahoma City. Mutum ɗaya, jiki ɗaya, wani manajan ya zama gwani a kansa wani ya zama abin zagi.

Saboda haka na yarda, ba daidai bane a yanke wa manaja hukunci da abinda bai isa ya sani ba. A tambaye shi abinda ya sani ranar da ya sa hannu. To mu yi hakan. Masai ya bayar da ɗan wasa mai kyau ya karɓo wanda ya fi shi, kuma wanda ya fi shi ƙuruciya, gwarzon fainal na 2014, a lokacin da Cleveland ta LeBron James ta share Toronto huɗu da babu shekara biyu a jere, ya tabbata tawagar nan ta kai iyakarta. Golden State sun yi kasada a kan yaro ɗan shekara 24 kuma da araha, in ta ɓaci asarar ba mai kashe kulob bace. Dukkansu kasada ce wadda in ta yi kyau ribar ta ninka abinda aka zuba. Shi kuwa Nico ya bayar da wanda ya fi, ya karɓo wanda bai kai ba, ya bayar da ƙarami ya karɓo babba, daga tawagar da ta je fainal wata takwas baya, kuma da bakinsa ya rage mana shekarun fata daga goma zuwa uku ko huɗu. Ko da Davis bai taɓa ciwon kai ba wannan saki reshe kama ganye ne.

Kuma duk wannan ma ba shi ne babban laifin ba a wajena. A ce na yarda da Yaya ɗari bisa ɗari, Luka ya zama dole a rabu da shi. To in zaka sayar da abu mafi daraja da ka mallaka, ai kasuwa zaka kai shi a taya. Nico kulob ɗaya ya zauna ya yi ciniki na gaske da shi, shi da Rob Pelinka na Lakers, mutumin da suka san juna tun Nico yana aiki a kamfanin Nike shi kuma Pelinka yana wakilin Kobe Bryant, suka yi ta ƙus-ƙus wajen wata guda babu wanda ya sani. A duba farashin kasuwa a shekarun nan. Minnesota ta biya gurbi huɗu da tarin 'yan wasa a kan Gobert a 2022. Phoenix ta biya gurbi huɗu da Mikal Bridges da Cam Johnson a kan Durant mai shekara 34 a 2023. Shi kansa Bridges, wanda ko sau ɗaya ba a taɓa zaɓarsa a wasan taurari ba, New York ta biya gurbi biyar a kansa a 2024. Luka Doncic kuma gurbi ɗaya. Lakers suka tashi daga teburin nan da Austin Reaves ɗinsu a hannu, da gurbinsu na 2031 a aljihu. Hujjar da aka bayar wai in maganar ta fita Luka da wakilinsa zasu iya ɓata cinikin, su ce ga inda suke so ga inda basa so. To sai me? Ko rabin kulob-kulob ɗin gasar ne suka janye, sauran rabin zasu yi rububin da zai ninka abinda aka samu. Duk sanda na kawo wa Yaya wannan sai yace ai Nico ba gurabe yake nema ba, Davis yake so. Nace to wannan shi ne ciwon ai, mutum ya ƙulla soyayya da ɗan wasa ɗaya har ya manta shi mai sayarwa ne.

Amma fa kada in zalunce shi, Nico ya yi aiki kafin nan. Shi ya kawo Kyrie a Fabrairun 2023 lokacin da kowa ke gudunsa, shi ya samo Lively a diraf, shi ya kawo P.J. Washington da Gafford a Fabrairun 2024, kuma waɗannan cinikayyar su suka mayar da tawagar da ko zagayen neman kofi bata shiga ba a 2023 ta zama 'yar fainal. Na yabe shi a lokacin kuma ban janye yabon ba. A hannunsa ne kuma Jalen Brunson ya sulale ya tafi New York a 2022 ba a samu ko allura ba. Ina ganin nasarar 2024 ɗin ce ta sa ya daina jin maganar kowa. Sannan ba shi kaɗai bane, ciniki irin wannan baya wucewa sai mai kulob ya ce eh, kuma tun Disamban 2023 Mark Cuban ya sayar da kaso mafi yawa ga iyalan Adelson da Dumont, Patrick Dumont ne ya amince, shi ne kuma ya fito daga baya yana kare cinikin da maganar wai ana son masu aiki tuƙuru. Shi babu mai korarsa.

Abinda Yaya baya ganewa, kuma na kasa fahimtar da shi, shi ne ba lissafi ne kawai ba. Dallas kulob ne da Dirk Nowitzki ya yi wa kaka 21 bai taɓa saka wata riga ba, ya jure duk gorin da aka masa har ya ci kofin 2011, kakarsa ta ƙarshe ita ce ta farkon Luka, kamar hannu ya miƙa wa hannu. Mu a kan wannan muka ginu. Shi ya sa da Luka ya buga wasansa na farko a Lakers, Dirk ɗin da mutum-mutuminsa ke tsaye a ƙofar filin Dallas ya tashi takanas ya je Los Anjelis ya zauna cikin 'yan kallo. Ranar 9 ga Afrilu kuma Luka ya dawo Dallas a rigar Lakers, aka kashe fitilu aka sa masa bidiyon shekarunsa a kulob ɗin, kyamara ta tsaya a fuskarsa yana zaune a benci leɓensa na rawa, ya ja tawul ya rufe ido. Ya tashi ya zura mana maki 45, filin gaba ɗaya na masa tafi, in an tsaya bugun laifi kuma a koma ihun a kori Nico. Ni kaina ban san wa nake goyon baya ba a daren. Bayan kakar ta ƙare Nico ya fito yace ya san Luka na da muhimmanci a wajen magoya baya amma bai san abin ya kai haka ba. Shekara kusan huɗu yana kulob ɗin.

Sai ga ƙuri'ar diraf a watan Mayun 2025, wadda ake jefawa tsakanin kulob-kulob ɗin da basu shiga zagayen neman kofi ba, Dallas da damar kashi 1.8 cikin ɗari ta samu gurbin farko, aka ɗauki Cooper Flagg. Yaya ya kira yace ka ga ikon Allah, nace na gani kuma na gode masa, amma wannan ba dabarar Nico bace, ya gina tawagar da yace zata ci kofi ne ta ƙare da nasara 39 da rashin nasara 43, faɗuwar ce ta kai mu layin ƙuri'ar. Da Oklahoma City ta ci kofi a Yuni da tsaron gida mafi ƙarfi a gasar ya sake kira, yace to me Nico ya faɗa. Nace Yaya duba da kyau, wanda ya fi kowa zura maki a gasar ma a tawagar yake, su basu zaɓi ɗaya sun yar da ɗaya ba.

Ga dai inda muka tsaya a Nuwamban 2025. Luka ya sa hannu a sabon kwantiragi da Lakers tun Agusta, shekara uku dala miliyan 165, ya rage ƙiba har ana ta magana. Mu kuma wasa 11 aka buga muka ci 3 kafin a sallami Nico, aka miƙa riƙon ƙwarya ga Michael Finley da Matt Riccardi. A lokacin Davis na zaune da ciwon sharaɓa tun ƙarshen Oktoba, Kyrie bai dawo ba, kuma daga 2027 har 2030 gurabenmu na zagayen farko ko dai an bayar ko an ba wani kulob ikon musanyawa, don an kashe su ne wajen gina tawagar da ta dace da Luka, masu tsalle su karɓi ƙwallonsa a sama da masu tsare masa baya. A lokacin tawagar na nan, wanda aka gina ta dominsa ne babu.

Abinda ya hana ni sukuni a lokacin Flagg ne. Yaro ɗan shekara 18 a lokacin, koci Jason Kidd ya fara kakar 2025-26 da ɗora masa riƙon ƙwallo, aikin da ba nasa ba, saboda babu wani. Ina kallonsa yana kutsawa cikin manyan mutane yana faɗuwa yana tashi sai gabana ya riƙa faɗuwa, don na ga yadda aka yi da Kyrie a watan Maris. Na faɗa wa Yaya haka a ƙarshen wayarmu, nace ni yanzu ba kofi nake roƙo ba, a rage wa yaron nan mintoci, in an samu mai son Davis idan ya warke a kai maganar kasuwa kowa ya taya, kada a sake rufe ƙofa da mutum ɗaya. Ya yi shiru kaɗan, sannan yace maganar mintocin ya yarda, don shi ya ga Greg Oden da Portland ta ɗauka a gaban Durant a 2007, wasa 82 ya buga musu cikin shekara biyar gwiwoyi suka gama da shi. Maganar Davis kuwa yace kada a taɓa shi, a jira Kyrie ya dawo a gansu tare tukuna, wai kashi uku na wasa ɗaya kacal suka taɓa bugawa tare kuma a cikinsa babu wanda ya iya dasu. Nace Yaya shekararsu nawa kenan in an gama jiran. Yace zai kira ni bayan wasan gobe.